Matsi, Kwarara da Turjiya: Lissafin da Yake Hana Waya Kamawa da Wuta



An nemi in yi magana a kan yadda ake gano turjiya da ƙarfin aiki na wutar lantarki idan an san matsinta da kwararta. Na san waɗansu daga cikinku, musamman waɗanda suka yi sallama da darasin lissafi tun a sakandare, da suka ji wannan take sai gabansu ya faɗi. To, ku kwantar da hankalinku. Duk lissafin da za mu yi yau bai wuce ninkawa da rabawa ba, irin wanda mai awon hatsi yake yi da ka a kasuwa. Amma shi ne yake gaya wa mutum ko wayar da aka sa masa a ɗaki za ta ɗauki kayan da ya jona mata, ko kuwa za ta yi zafi a cikin rufi har ta kunna gobara yana barci. Shi ne kuma ya kamata ma'aikaci ya yi kafin ya sa hannu a kan takardar kwangilar sa wuta a makaranta ko asibiti.

Bari mu fara daidaita kalmomi, domin a bakin jama'a duk abin da ya shafi lantarki sunansa ɗaya, watau "wuta". Ku ɗauki misalin tankin ruwa da aka ɗora a kan hasumiya, aka jawo bututu daga jikinsa zuwa famfo. Tsawon hasumiyar shi yake sa ruwa ya zo da matsi. Yawan ruwan da yake wucewa ta bututun a kowace daƙiƙa shi ne kwarara. Ƙuncin bututun da tsawonsa kuwa su suke turje wa ruwan. Haka abin yake a waya. Matsin lantarki ana auna shi da bolt, littattafai suna rubuta shi da harafin V. Kwarara ana auna ta da amfiya, harafinta I. Turjiya ana auna ta da om, harafinta R. Na huɗunsu shi ne ƙarfin aiki, abin da muke nufi idan muka ce na'ura kaza tana cin wuta. Ana auna shi da wat, harafinsa P. Misalin ruwa yana da iyakarsa, gama in an yanke bututu ruwa ya dinga zuba, in an yanke waya kuwa kwarara ta tsaya cik, amma dai ya ishe mu shiga cikin magana.

Waɗannan sunaye huɗu duk na mutane ne. Volta ɗan Italiya shi ya ƙirƙiro batir a shekarar 1800. Ampere Bafaranshe ne, Watt kuwa mutumin Sikotilan ne da ya shahara a kan injin tururi. Bolt da amfiya da om an tabbatar da su a taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris a 1881. Wanda ya fi shafarmu yau shi ne na huɗun, Georg Simon Ohm, Bajamushe, wanda aka haifa a 1789. Ubansa maƙerin makullai ne, shi kuwa malamin makarantar sakandare ne a birnin Kolon, ba shehin malami a jami'a ba. Da ya fara gwaje-gwajensa, batir na wancan zamani ya yi ta ba shi wahala, don matsinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yanzu ya hau, an jima ya sauka. Saboda haka a 1826 ya bar batir, ya haɗa ƙarfe iri biyu, jan ƙarfe da wani da ake kira bismat, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar kuma a ƙanƙara. Wannan ya ba shi ɗan matsi kaɗan amma tsayayye. Sa'an nan ya riƙa jona wayoyin jan ƙarfe masu tsawo daban-daban, yana duba yadda allurar maganaɗisu take karkata. Abin da ya gano ya buga shi a littafi a Balin a 1827.

Masanan ƙasarsa ba su karɓi aikin hannu biyu-biyu ba, har ya bar aikinsa na Kolon ya yi shekaru yana koyarwa a ƙananan wurare. Sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley, kujerar farfesa a Jami'ar Munik kuwa bai same ta ba sai 1852, saura shekara biyu ya rasu. Akwai wani abin mamaki a gefe. Wani Bature mai suna Henry Cavendish ya riga shi hango wannan doka tun 1781 a Ingila, kuma da yake ba shi da na'urar awo, jikinsa ya mayar mita, yana kwatanta zafin jan da wutar take yi masa. Amma bai buga abin da ya gano ba, takardunsa suka kwanta har Maxwell ya fito da su a 1879. Ɗalibai masu ajiye sakamakon bincike a cikin akwati, sai ku lura.

Dokar Ohm dai ita ce: matsi daidai yake da kwarara sau turjiya.

V = I × R

In an juya ta, turjiya ita ce matsi a raba da kwarara: R = V ÷ I. Ƙarfin aiki kuwa matsi ne sau kwarara:

P = V × I

Shi ke nan. Wutar gidajenmu an tsara ta a kan bolt 230. A ce mun jona butar lantarki, mun sa mita ta nuna mana tana jan amfiya 10. Turjiyarta ita ce 230 a raba da 10, om 23 ke nan. Ƙarfin aikinta kuma 230 sau 10, wat 2,300, ko kilowat 2.3. In ta yi awa ɗaya tana aiki ta ci yunit 2.3 a mitar kamfanin wuta, domin abin da ake kira yunit ba kome ba ne illa kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Galibi ma ba a bukatar mita, gama kowace na'ura akwai ɗan allo a jikinta da aka rubuta wat nata. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan 1,000 a raba da 230, watau amfiya 4.3, turjiyarsa kuma wajen om 53. Ku lura da wani abu da yake rikita ɗalibai a jarrabawa: na'urar da ta fi cin wuta ita ce mai ƙarancin turjiya. Buta om 23, dutsen guga om 53, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 kuwa kusan om 880.

Wannan ƙwan yana da darasi a cikinsa. In kun cire shi kun auna shi yana sanyi, mita za ta nuna muku om 60 ko 70 kawai. Ba mitar ce ta yi ƙarya ba. Zaren da ke cikinsa idan ya yi zafi turjiyarsa tana ninkuwa fiye da sau goma, shi ya sa a daƙiƙar da aka kunna shi yake zuƙar kwarara mai yawa, shi ya sa kuma galibi a lokacin kunnawa yake mutuwa. Dokar Ohm tana aiki sosai a kan ƙarfe muddin zafinsa bai sauya ba. Ƙwayayen zamani marasa zare, waɗanda wat 9 yake ba da haske irin na wat 60 na da, da cajar wayar hannu, da kwamfuta, ba su da tsayayyiyar turjiya ko kaɗan. A kansu sai a dogara ga wat da aka rubuta.

Yanzu mu zo kan gindin maganar. In muka ɗauki dokar farko muka zuba ta cikin ta biyu, muka sa I × R a madadin V, sai mu sami:

P = I × I × R

Watau zafin da waya take fitarwa yana tafiya ne da kwarara sau kanta. James Joule, wani saurayi a kusa da Mancesta wanda a lokacin bai kai shekara 25 ba, shi ya tabbatar da haka a 1840 da 1841, ta hanyar tsoma waya a ruwa yana auna ɗuminsa. Ma'anar wannan ita ce, in kwarara ta ninka biyu zafi ya ninka huɗu, in ta ninka huɗu zafi ya ninka goma sha shida. Hankalin ɗan Adam bai saba da irin wannan hauhawa ba. Mun saba da cewa in an ƙara wa jaki rabin kaya, wahalarsa ta ƙaru da rabi. Waya ba haka take ba, kuma a ganina rashin sanin wannan shi ne tushen yawancin gangancin da ake yi da lantarki.

Ga misali. Mai shago ya jawo wuta daga nisan mita 50. Tun da wuta tana zuwa ta waya ɗaya ta koma ta ɗaya, tsawon wayar mita 100 ne. Don neman sauƙi ya sayi siririya, mai kaurin milimita ɗaya murabba'i, wadda mita 100 nata na jan ƙarfe yake da turjiyar om 1.7. Da farko fitilu ne da fanka da rediyo, duka amfiya 5. Zafin da wayar take fitarwa 5 sau 5 sau 1.7 ne, wajen wat 43, a warwatse cikin mita 100. Ko ka taɓa ta da ƙyar za ka ji ɗumi. Kasuwa ta yi albarka, ya ƙara firiji, ya ƙara hita, maƙwabcinsa tela ya roƙi a ɗan jona masa dutsen guga. Kwarara ta kai amfiya 20. Yanzu 20 sau 20 sau 1.7 ya zama wat 680. Wayar da kanta ta zama hita, tana kwance a kan katako da buhuna, robar jikinta tana laushi kullum tana bushewa, har ranar da wayoyin biyu za su haɗu. Daɗin daɗawa, bolt 34 sun salwanta a hanya, domin 20 sau 1.7 shi ne 34. Da ya sayi mai kaurin milimita 4, da zafin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Araha dai ba ta ado.

Mafi haɗari ma shi ne mahaɗa. In an murɗa waya biyu da hannu an naɗe da leda, ko noti ya yi sako-sako a cikin soket, wurin yakan sami turjiya tasa ta kansa. A ce rabin om ce kacal. Amfiya 10 sau 10 sau rabi, wat 50 ke nan. Wanda ya taɓa kama tsohon ƙwai mai wat 60 yana ci ya san zafinsa; to, ku tattara kusan wannan zafi a wuri mai girman ƙwayar wake, a cikin roba. Fis ba zai yanke ba, don kwarara ba ta wuce ƙima ba. Soket da ya yi baƙi-baƙi a gefen rami, ko fulogi da yake zafi in an cire shi, to, shaidar wannan lissafi ce kuke gani.

Fulogi mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila an yi shi don amfiya 13, fis ɗinsa mafi girma ke nan. 13 sau 230 ya ba da wat 2,990, a ce kilowat 3. Wannan ita ce iyakar duk abin da za a jona a soket ɗaya, kome yawan ramukan da ke jikin doguwar wayar da aka jawo daga gare shi. Ɗalibai mazauna ɗakunan kwana, ku tara naku: buta 2,300, dutsen guga 1,000, murhun lantarki 1,500. Jimla 4,800, watau kusan amfiya 21. A ido an ɗara iyaka da amfiya 8 ne kawai, amma zafin ya ninka wanda aka yi fulogin dominsa fiye da sau biyu da rabi. Fis kuwa ba nan take yake yankewa ba in ɗarin bai yi yawa ba, balle in an riga an cire shi an cusa guntun waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa.

Wannan doka da take ƙona shago ita ce kuma ta tsara yadda ake raba wuta a ƙasa baki ɗaya. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, wutarta tana fita a kan manyan layuka masu bolt 330,000. Me ya sa? A ce ana so a aika da wat miliyan 100, kuma don misali mu ce turjiyar layin om 20 ce. A bolt 330,000 kwarara wajen amfiya 300 ce, asarar hanya kuma 300 sau 300 sau 20, wat miliyan 1.8, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. In aka ce a bolt 11,000 za a aika, irin wanda yake yawo a unguwanni, kwarara ta ninka 30, asara kuwa ta ninka 900, lissafi ya nuna ta fi abin da aka aiko tun farko, watau abin ba ya yiwuwa sam. Injiniyoyin da ke nan za su ce layukan masu waya uku ne kuma lissafinsu ya ɗan bambanta. Gaskiya ne, amma ninkin 900 yana nan. Saboda haka ake ɗaga matsi a tashar samar da wuta, sa'an nan taransifoma bayan taransifoma su riƙa sauke shi, 132,000, 33,000, 11,000, har ya iso 230 a bakin ƙofa.

Masu sa hasken rana a gida suna fuskantar wannan al'amari ta ɗaya gefen. Inbata da take ba da wat 1,200 daga batir mai bolt 12 tana zuƙar aƙalla amfiya 100 daga batirin, alhali a gefen bolt 230 amfiya 5 da ɗan ɗori ne kawai. Mutane suna ganin bolt 12 ba ya jan mutum sai su raina shi su sa siririyar waya. Ja dai ba ya ja, amma 100 sau 100 dubu goma ne, ko turjiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na om ba za ta fitar da wat 100. Dalilin da ya sa ake haɗa batura su ba da bolt 24 ko 48 a babban gida ke nan: kwarara ta sauko 50 ko 25.

Akwai wata kalma da ta shiga bakinmu, in fitila ta yi ja-ja sai a ce an kawo "lo karan". A gaskiya matsi ne ya sauka. Butarmu mai om 23, in bolt ya sauko 180, tana jan amfiya 7.8, ƙarfin aikinta ya koma wajen wat 1,400. Ruwa zai daɗe bai tafasa ba, iyakar ɓarnar ke nan. Amma injin firiji da injin jan ruwa ba su da wannan haƙuri. Kayan da ke kansu bai ragu ba, don haka in matsi ya sauka sai su ƙara jan kwarara don su cike gurbin, zafin naɗaɗɗiyar wayar cikinsu ya hau da ninki, su ƙone. Ashe a lokacin da muke cewa karan ya yi ƙasa, a cikin firiji sama ya yi. Na'urar daidaita wuta tana ceton firijin, amma ba ta ƙirƙirar ko wat ɗaya; ƙarin kwarara take ja daga layi, matsin maƙwabta ya ƙara sauka.

Jikin mutum ma turjiya ne. Busasshiyar fata takan kai om dubu goma-goma, amma jiƙaƙƙen hannu da ƙafa a kan danshi suna iya saukar da jiki zuwa wajen om 1,000. 230 a raba da 1,000 ya ba da amfiya 0.23, watau kashi 230 cikin dubu na amfiya. Makunnin kariya da ake sa wa gidaje don ceton rai an tsara shi ya yanke a kashi 30 cikin dubu. Ku kwatanta lambobin nan biyu, sa'an nan ku tuna da mai tsoma yatsa a bokiti don ya ji ko hita ta ɗumama ruwan wanka.

Saura abu biyu da suka shafi ma'aikata masu karɓar kaya a madadin gwamnati. Na farko waya. A kasuwa akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta alhali jan ƙarfen cikinta bai kai ba, an cike da kaurin roba, akwai kuma ta alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe a sama. Turjiyar alminiyam ta ninka ta jan ƙarfe wajen sau 1.6. Ido ba zai raba su ba, amma dokar Ohm za ta raba. Naɗin mita 100 na waya 2.5 ta gaskiya turjiyarsa wajen om 0.74 ce. A samo batirin mota da ƙwan fitilar mota, a jera su da naɗin wayar yadda kwarara za ta bi ta cikinsu duka, a auna amfiya, a auna bolt tsakanin bakin wayar biyu, a raba. In an ga amfiya 4 da bolt 3, om 0.75 ke nan, waya ta cika. In kuwa an ga amfiya 4 da bolt 4.8, om 1.2 ke nan, kada a sa hannu. Wannan gwaji ba ya cin minti goma, kuma kowane ɗalibin kimiyyar lantarki na shekarar farko zai iya yin sa a sito.

Na biyu janareta. Wutar gida tana kai da komo ne sau 50 a daƙiƙa, kuma a na'urori masu inji kwarara ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi, takan ɗan makara. Saboda haka bolt sau amfiya ba ya zama wat cif-cif sai a kan hita da dutsen guga da makamantansu. Shi ya sa ake rubuta girman janareta da kVA, watau bolt sau amfiya dubu-dubu, kuma a manyan janareta bisa al'ada ana ɗaukar kashi 8 cikin 10 ne a matsayin ainihin ƙarfin aiki. Mai kVA 50 kilowat 40 yake bayarwa. In ofis ya tara kayansa ya sami kilowat 48, ɗan kwangila ya kawo mai kVA 50 yana cewa har da rara, to, gaira kilowat 8 ne, tun ba a yi maganar injinan sanyaya ɗaki ba, waɗanda a lokacin tashi suke jan kwarara da ta ninka ta tafiyarsu sau da yawa. A nemi a ga lambobin biyu a rubuce a jikin allon injin kafin a biya.

Malam Shugaban Taro, na ga an ɗaga mini takarda cewa lokaci ya yi. Mita da batir da naɗin waya iri biyu suna nan a kan tebur ga mai son ya gwada da hannunsa bayan tambayoyi.